Zanen Shuwakar da Na Yaga

New Bell, Douala

Uwata Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan ɗakinki waɗanda ban sani ba tukuna. Ya sanyin Ngaoundéré, ya baƙunta, ya karatu? Allah Ya tsare mini ke a fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da sharrin mutum, Ya haɗa ki da malamai masu tausayi. Amin.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa, alhali ga waya a hannuna ga ta a naki. To ai kin ga yadda muke yi a wayar. In ce kin ci abinci, ki ce kin ci. In ce akwai sauro, ki ce babu sosai. Sai mu yi shiru mu biyu, har ki ce, "To Baba, sai anjima." Yau kwana goma sha tara da na raka ki tasha, kuma kullum haka ne. Ni mutumin takarda ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a sunkuye kan tebur, bakina bai iya abin da hannuna ya iya ba. Ki yi haƙuri ki karanta, ko da a zama biyu ne.

Ba labarin gida zan ba ki ba, don babu shi. Ruwa yana ta zuba, lambatun ƙofar gida ya cika kamar kullum. Gidan yana nan yadda kika bar shi, sai dai ya yi mini yawa. Ke ce auta, yayyenki kowa na can inda aure da aiki suka kai shi, mahaifiyarki kuma shekara uku ke nan da rasuwarta, Allah Ya jiƙanta. Shekaranjiya na sayo burodi biyu da safe, sai da na shigo tsakar gida na tuna. Kewa nake yi, Uwata, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar da kike haɗa kaya, idona ya faɗa kan takardar da jami'a ta aiko, ta abubuwan da ɗalibin ilimin tsirrai zai zo da su. Fensir iri biyu, gom na goge fensir, littafin zane mara layi. Kin ga na gani, kika ninke takardar kika tura cikin jaka. Ni ma na yi kamar ban gani ba. Shekara biyar ke nan rabon da ki nuna mini ko layi ɗaya da hannunki ya ja, kuma ni na jawo. Dalilin wasiƙar ke nan. Ina tsoron kada ki yi nisa da wannan abu a tsakaninmu, ya samu wurin zama, mu ƙare a haka. Zan zo kansa, amma bari in bi ta doguwar hanya, don in na fara da shi hannuna zai ƙi.

Tun da dole za ki riƙa zana tsirrai a karatun nan, bari in faɗa miki inda ni na yi tuntuɓe.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka ba mu kompa a lekol, wato makarantar boko, ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake zana da'ira da shi. Kai, na ɗauki kaina wani abu! Kafin nan nakan zana fuskokin mutane a bayan kaye, littafin rubutunmu na aji, har kakanki ya kama ni na zana limamin unguwa da hancinsa. Bai dake ni ba. Ya ce in dai hannun ba zai zauna ba, to ga itatuwa ga furanni, su na zana, in bar mutane da dabbobi. Ni kuwa na gano cewa in ka juya kompa sau shida a cikin da'ira, fure yake fitowa tsaf. Na zauna na yi shi, na yi masa kara da ganye, na rubuta a ƙasa: yakuwa. Na kai wa Inna, kakarki wadda kika ci sunanta, tana tace zoɓon da take sayarwa a bakin titi.

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta juya shi sama ta juya shi ƙasa. Ta ce, "Sule, wannan furen wace ƙasa ne?"

Na ce, "Yakuwa ce mana, Inna."

Ta kama kunnena ta ja ni har bayan ɗaki inda take da yakuwa gindi huɗu. Ta sunkuyar da ni kan fure ɗaya ta ce, "Ƙirga." Na ƙirga, biyar. Ta ce in ƙirga wani, shi ma biyar. Kuma babu ɗaya da ya yi daidai da ɗan'uwansa, kowanne ya ɗan hau kan na kusa da shi, ga ja mai duhu a tsakiya wanda ban taɓa lura da shi ba, ni da nake wucewa ta wurin kullum. Da taurin kai irin nawa na ce ai shida ya fi kyau. Ta ce, "Oho, ashe kai ka fi Mai halittar iya tsari. Je ka, malamin lekol." Har na yi aure, in na cika baki a kan wani abu sai ta ce, "Biyar ne ko shida?"

To ki duba kafin ki zana. Ki ajiye fensirin gefe, ki zauna gaban tsiron ki yi ta kallo har ki gaji. Ki ƙirga. Ki ga ko ganyen biyu-biyu suke fitowa suna fuskantar juna, ko ɗaya nan ɗaya can. Ki juya ganyen ki ga bayansa, don jijiya a can take fitowa fili. Ki taɓa ki ji ko yana da gashi. In kuma kin gama, kada ki tsaya ga malamin aji kaɗai. Ki kai wa matan da suke tsinke ganye a kasuwa, ki gaishe su da ladabi ki ce, "Mama, wannan mene ne?" In suka faɗi sunan ba tare da sun yi jim ba, kin yi. In suka fara juya takardar, ki koma. Faransancinki ba zai taimake ki a wurinsu ba, kuma kada ki ji haushin dariyarsu.

Ni ban ɗauki darasin Inna ba. Na tafi inda kompa da rula suke da daraja. Kin san aikina a baki, mai zanen taswirar filaye a Bonanjo, amma ba ki taɓa shiga ɗakin ba. Mu shida ne, kowa da teburinsa mai gangare, shugabanmu wani dattijo ɗan Deïdo da muke kira Pa Ndumbe. Mutumin kirki ne, amma a kan layi ba shi da ɗan'uwa. Masu awo su dawo daga daji da takardunsu duk laka da gumi da goge-goge, wannan shi ake kira buruyon. Aikinmu shi ne mu ɗora farar takarda mai shara-shara a kai, mu fitar da shi tsaf, ba tabo ba karkata. Da zarar an gama an sa hannu, sai a yaga buruyon ɗin a jefa kwando. Doka ce, kuma da dalilinta. In aka bar shi, wata rana wani zai ɗauke shi ya je kotu ya ce ga inda iyakar filinsa take. Na taɓa ɓoye wani a aljihun tebur don ya burge ni, Pa Ndumbe ya gano, ya tsayar da ni gaban kowa ya sa na yaga da hannuna. Tun daga ranar hannuna ya koya. In na gama aiki, kafin in yi tunani ma na riga na yaga. Ki riƙe wannan a ranki, don za ki buƙace shi a gaba.

Bayan na yi ritaya, ke kina lekol, ni kaɗai a gida daga safe har la'asar, sai na sayo littafin zane na ɓoye shi a ƙarƙashin dardumata. Ba ki sani ba, ko kuma kin sani kin yi shiru, don halinmu ɗaya. Na ce bari in koma inda Inna ta bar ni. Tabɗi! Ashe hannun da ya shekara talatin yana jan layi miƙaƙƙe ba ya lanƙwasa don an ce masa lanƙwasa. Na zana ganyen gwanda ya fito kamar taswirar unguwa. Ga shi na saba da fensir mai tauri, 2H, wanda sai ka danna. Na yi ta dannawa, in na kuskure in goge, baƙin ya tafi amma ramin layin yana nan a jikin takardar, in na zo yin inuwa sai ya fito fari fat yana nuna mini kuskurena. Takardar Douala kuwa kin san ta, kullum a jiƙe take da raɓar iska, gogewa uku ta huje. Na ɓata littafi guda kafin in gane cewa laifin ba na takarda ba ne.

Saboda haka ki fara da sauƙin hannu. Ki riƙe fensirin can baya, ba kusa da baki ba, ki ja layin farko yadda ke kanki sai kin matso za ki gan shi. Ki fara da karan, ki ga inda ya dosa, sannan jijiyar tsakiyar kowane ganye, sannan gefensa. Kada ki fara da furen don ya fi kyau, za ki ƙare babu wurin sa sauran. HB ya isa fara aiki, 2B ki bar shi sai wurin inuwa, ƙarƙashin ganye da inda reshe ya rabu. Ki zauna yadda haske zai zo miki ta gefe ɗaya. Inda ganye yake ƙyalli kada ki taɓa wurin sam, farin takardar ne zai yi miki aikin. Ki sa 'yar takarda a ƙarƙashin hannunki don kada ki shafe abin da kika yi. Ki fiƙe fensir da reza, abin fiƙewar nan na kanti cin fensir kawai yake yi. In layi ya kauce, ki ja na daidai a gefensa tukuna kafin ki goge na farkon, in ba haka ba wurin za ki sake bi. Na san mai yiwuwa duk kin san waɗannan kin ma wuce su. Ki bar ni dai in faɗa, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Akwai wani kuskuren da ya fi wannan ciwo. Kin tuna ɗoɗɗoyar mahaifiyarki, wadda ta zo da irinta daga Garoua ta shuka a gwangwanin fenti kusa da randa? Duk sanda ta yi fure, ƙananan nan farare a jere, sai ta ce, "Malam, ka zana mini ita mana, in ɗinka a rigar matashi." In ce to. Ta sake faɗa bayan wata shida, in ce aiki ya yi yawa, ta bari in na yi ritaya zan zana mata lambu guda. Wata rana har ta ajiye mini gwangwanin a gaban kujerata da fensir a gefe, na dawo a gajiye, ɗan bensikin, mai babur ɗin haya, ya watsa mini ruwan kwata a wando, na ce, "Haba, mutum ba zai huta ba?" Ta ɗauke abinta ta mayar, ba ta sake tambaya ba. Ta rasu saura shekara ɗaya in yi ritaya. Cikin kwanakin zaman makoki aka tura gwangwanin ƙarƙashin indararo don a samu wurin shimfiɗa tabarmi, ruwa ya cika shi, kafin wani ya lura ta ruɓe.

Na gwada zana ta daga ka, ba sau ɗaya ba. Shekara ashirin da wani abu ina wuce ta safe da yamma, amma wallahi na kasa tuna yadda gefen ganyen yake. Na sayo wata a kasuwa na zana, ta yi kama, amma ba ita ba ce, kuma babu mai ɗinkawa. In tsiro ya yi fure a gabanki, ranar za ki zauna, ko da minti goma ne, ko da zanen bai yi kyau ba. Fure ba ya jira, wani da safe yake buɗewa kafin azahar ya rufe. In kuma wani da kike ƙauna ya roƙe ki ƙaramin abu da hannunki zai iya, ki yi masa a makon.

To, na zo inda nake ta kewayewa.

Kina aji uku na sakandare, shekararki goma sha biyar, aka sa gasar zane tsakanin makarantu, aka ce kowa ya zana tsiron ƙasarmu da fensir. Kika zaɓi shuwakar bayan ɗakin girki, wadda maƙwabtanmu suke zuwa roƙo in za su yi miyar ndole. Sati biyu kina zaune kan turmi bayan la'asar, sauro na cizonki. Ofishin da ake karɓar zanen yana Bonanjo, kusa da wurin aikina, sai kika sa shi a tsakanin kwali biyu kika ba ni da hannu biyu kika ce, "Baba, don Allah kada ya jiƙe."

Da na isa ofis na buɗe. Zan faɗa miki abin da na gani, don ban taɓa faɗa ba. Reshe ne guda, ya ɗan sunkuya hagu. Ganye tara. Uku daga ciki tsutsa ta ci su, kin zana ramukan ɗaya bayan ɗaya har da baƙin da ke gefensu. Ɗaya ya bushe ya nannaɗe. A kusurwar ƙasa akwai shatin babban yatsanki inda kika dafa. Na daɗe ina kallo. Na ji ɗacin shuwakar a bakina, Allah shaida. Abin da na kasa yi ina yaro, abin da har yau ban iya ba, ke kin yi shi kina zaune kan turmi.

Amma sai wani tunani ya shigo. Na ce 'ya'yan manya za su kawo furanni masu kyau daga lambunan gidajensu, 'yata kuma ta kawo ganyen miya mai huji da tabon yatsa. Za a ce 'yar New Bell ce, me ake jira. Za a ce ubanta mai zane ne a ofis amma ya bar ta ta kawo buruyon. Kunya ta kama ni, kunyar banza. Lokacin hutun rana kowa ya fita cin abinci, na ɗora takarda mai shara-shara a kan zanenki. Na miƙar da reshen. Na cike ramukan. Na cire busasshen ganyen na sa lafiyayye. Na mayar da shi kan takarda mai kauri, na yi inuwa sumul, na rubuta sunanki a ƙasa da irin rubutunmu na ofis. Awa ɗaya da rabi. Sannan hannuna ya yi abin da ya saba. Sai da na ji ƙarar takardar na farga, lokacin ta riga ta zama huɗu. Na tsaya da guntayen a hannu. Da na so, da na liƙa su. Na ji takun abokan aiki suna dawowa, na jefa a kwando.

Aka ba ki na biyu. Ranar da aka baje zane-zanen a zauren ba da kyauta, muka je mu uku, mahaifiyarki ta sha lalle ta ɗaura sabon zani. Kika riga mu shiga da gudu, kika bi bango kina nema, kika wuce shi sau biyu. Sai da kika karanta sunan. Ina bayanki, ina ganin wuyanki. Kika juyo kika ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne."

Na ce, "Naki ne mana, gyara miki kawai na yi."

Kika ce, "Ina nawan?"

Na ce, "Ai buruyon ne, an yaga." Haka na ce, an yaga, kamar wani ne ya yi.

Ba ki yi kuka ba, da ma kin yi. Aka kira sunanki kika je kika karɓi kyautar, kika ce "Merci" da murya ƙasa-ƙasa, kika miƙa mini ita a gaban mutane kika ce, "Ga shi, Baba." Mutane suka yi ta tafi, suna cewa yarinya mai tarbiyya. Ni kaɗai na san abin da kike nufi. A hanyar dawowa cikin taksi mahaifiyarki ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, me ka yi haka?" Na ce mata ba ta san yadda ake aikin takarda ba. Na yi fushi ma, wai ni an ƙi gode mini. Ta bi ni da maganar wata da watanni, "Ka ba yarinyar nan haƙuri." Ina cewa uba ba ya ba 'yarsa haƙuri a kan takarda guda. Daga ranar ban sake ganin fensir a hannunki ba sai na lissafi.

Ga shawarata a kan wannan, in har ina da bakin ba da ita. Ki zana ramin da tsutsa ta ci. Ki zana busasshen ganyen. A karatunki ma za ki ga su ne suke gaya wa mai ilimi abin da ke damun tsiron. Kada ki bar kowa ya ɗora hannu a kan takardarki, malami ne ko saurayi ko uba. In zai gyara, ya faɗa da baki ko ya zana a tasa. Ke ma wata rana za a kawo miki zanen wani yaro ki duba, ki sa hannuwanki a baya. Kuma in kin yi wa wani laifi, kada ki ce an yi. Ni na yaga, Hajara. Ni na yi, ba Pa Ndumbe ba, ba dokar ofis ba. Naki ya fi nawa, na san haka tun ina kallonsa, kuma ina jin har da wannan a cikin abin da ya tura hannuna. Ki yafe mini. Tun shekara biyar da suka wuce ya kamata in faɗi haka, mahaifiyarki na raye ta ji.

Ranar Lahadin da ta wuce gidan ya ishe ni, na taka har Nkololoun wurin Goggonki Asabe. Kin san ta, yayata ce amma har yau kallon ɗan shekara goma take mini. Ta zuba mini abinci ta zauna tana kallona ina juya cokali. Ta ce, "Sule, ka rame. Kewar 'yar taka ce, ko girkinka ne ya fara kashe ka?" Ban san yadda aka yi ba, na ba ta labarin nan duka, yadda na rubuta miki. Na ce mata abin da ya fi ci mini rai shi ne na kashe wa yarinya hannu, ga shi yanzu za ta je jami'a ta fara daga farko.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro. Duk Asabar ɗin da take cewa za ta zo taya ni wanki, ka taɓa ganin hannunta ya yi fari da sabulu?" Ta shiga ɗaki, na ji tana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ta fito da kwalin taliya ta dire a gabana. Littattafan zane ne cike, ta ce goma sha ɗaya, kin bar mata ajiya don ba za su shiga jaka ba. Ta ce babu ciyawar da ke unguwar da ba ki zauna gabanta ba, har masu gyaran mota sun san ki suna ba ki benci.

Uwata, ban san abin da zan kira abin da na ji ba. Na yi hamdala, na yi hamdala, sai kuma hawaye, a gaban Asabe da ba ta mantuwa. Ashe ban kashe ba. Ashe ɓoye mini kawai aka yi, kuma na cancanta.

Ta ce, "To buɗe mana, me kake jira? Ba za ta sani ba."

Na ɗora hannu kan na sama. Bangonsa kore ne, gefen ya yi baƙi da yawan riƙo. Ban taɓa son ganin wani abu a duniya kamar yadda na so in ɗaga bangon nan ba. Na daɗe a haka, har abincin ya huce. Sannan na janye hannuna na ce ta mayar.

Ta ce, "Ikon Allah. Kai da ka yaga na farko ba ka tambayi kowa ba, yau kuma izini kake nema?"

Na ce, "Shi ya sa, Yaya."

Ta harare ni, ta ja kwalinta ta mayar, tana cewa ni da ke duk taurin kanmu ɗaya, Inna ce ta bar mana. Kada ki yi fushi da ita don ta tona, tausayina ne ya kama ta.

Saboda haka ban gani ba, ko shafi ɗaya. Suna nan a ƙarƙashin gadon Goggonki yadda kika bar su. In kin yarda in gani, ba sai kin faɗa mini a waya ba, na san nauyin da bakinmu yake da shi. Ki gaya wa Goggonki kawai, ita za ta iso da saƙon tun kafin ki kashe wayar. In kuma ba ki yarda ba tukuna, kada ki ce komai, ba zan tambaya ba, kuma ba zai rage komai a addu'ar da nake miki ba. Zan riƙa zuwa Nkololoun duk Lahadi in ci abincinta in sha zaginta. Ina da lokaci yanzu, sai dai ban san ko nawa ne ba.

Ki kula da sallarki a kan lokaci. Ki sa rigar sanyi da safe, jikinki bai saba ba. Allah Ya tsare ki daga abin da kike gani da wanda ba kya gani, Ya buɗe miki karatu, Ya sa albarka a idonki da hannunki. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki da Inna, Ya kai haske kabarinsu. Allah Ya dawo mini da ke lafiya, Ya sa ina raye.

Wassalam.

Mahaifinki mai jiranki,
Sulaimanu